Jan Fenti Na Mutanen Suwidin, Da Ƙofofin Sitonmu

'Yan'uwa manoma, a Tursa da ƙauyukan Wurno, Rabah da Goronyo gidajenmu na ƙasa ne. Amma ƙofar siton ƙungiya, da taga, da rumfar katako, su ne ke fara lalacewa. Akan sayo fentin gwangwani da tsada a shafa, bayan damina biyu sai ka ga yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Dalili kuwa, fentin mai yakan rufe katako ruf. In ruwa ya shiga ta wata tsaga, ba ya samun hanyar fita, sai itacen ya ruɓe daga ciki.

A ƙasar Suwidin, can arewacin Turai, gidajen ƙauye da yawa na katako ne, jajaye. Launin daga ramin tagulla na garin Falun yake, wanda aka daina haƙa a 1992, amma har yanzu ana yin fentin da tsohuwar ƙasar da aka tara a wurin. Dafa shi ake yi kamar kunu. Ba ya toshe katako. Ruwa ya shiga, ya fita. In ya tsufa ba ya ɓarewa, sai dai ya zama gari.

Ga ma'auni. Lita 8 na ruwa, da garin alkama wajen giram 650, a dama a dafa minti 15. A zuba jar ƙasa mai laushi wadda aka tankaɗe sosai kilo biyu da rabi, da garin feras salfet giram 250, a ci gaba da motsawa minti 15. Sa'an nan man linsid lita ɗaya, wanda masu sayar da fenti ke da shi, a ƙara minti 15, a sa sabulu kaɗan domin mai da ruwa su haɗu. Kada wani ya ce zai yi tsimi da man gyaɗa. Ba ya bushewa, ƙura kawai zai kama.

Katako mai kaushi yake so, watau yadda ya fito daga zarto. A kan tsohon fentin mai ba ya zama, sai an kankare shi tukuna. Ranar sabuntawa kuwa, buroshi mai ƙarfi ya isa: a goge garin da ya saki, a shafa sabo siriri. A yi aikin bayan damina, ranar da babu ƙurar hunturu.

Abu ɗaya lalle ku sani: wannan ba maganin gara ba ne. A ɗora gindin katako bisa dutse ko siminti, kada ya taɓa ƙasa. Bangon laka kuma a bar masa makubarsa ta ɗorawa, gama ita ta san shi. Ku fara gwadawa da ƙofa guda, ku duba ta bayan ruwan Agusta.