Kwandalar da ba a kashewa: jira, rini da farashi a duniyar masu tara sabon bugu

A watan Oktoban 2024 aka yi gwanjon wata 'yar kwandala ta santi 10 a Amurka, ta tashi a kan dala 506,250. Ba ta zinariya ba ce, ba kuma ta azurfa ba. Gamin jan ƙarfe ne da nikel, irin wadda mai kanti ke miƙa wa mutum a matsayin canji. An buga ta a 1975 a San Faransisko, kuma abin da ya ɗaukaka ta harafi ɗaya ne da ya kamata a gani a jikinta amma babu shi: harafin S, alamar gidan da ya buga ta. Guda biyu kacal aka sani a duniya masu wannan kuskure. Wasu 'yan'uwa mata uku a jihar Ohayo ne suka gaje ta, bayan ta shafe fiye da shekara 40 a ma'ajiyar banki.

Irin wannan labari ne ke kaɗa zukatan masu sayen saitin kwandaloli, wato jerin tsabar kuɗin shekara guda da gidan buga kuɗi na wata ƙasa ke shiryawa cikin kwali ko gidan roba ya sayar wa masu tarawa a kan farashin da ya ninka abin da aka rubuta a jikinsu. Abin ba baƙo ba ne ƙwarai a Abuja. Jami'in da ya je taro Landan ko Washinton yakan dawo da irin wannan kwali a matsayin tsaraba, wani kuma kyauta ake ba maigidansa ta gangaro hannunsa. Akasari a aljihun tebur suke ƙarewa, tsakanin tsofaffin katunan gayyata da robar ɗaure kuɗi, kuma kamar yadda za a gani, da wuya a sami wurin ajiya da ya fi wannan muni.

Saitin iri biyu ne. Akwai na sabon bugu, wanda kwandalolinsa daidai suke da na kasuwa, sai dai ba su taɓa shiga hannun jama'a ba. Akwai kuma bugun madubi, wanda ake goge ƙarfen da hatimin bugawa har su yi sheƙi, sannan a danna fiye da sau ɗaya domin zanen ya fito raɗau a kan shimfiɗa mai ƙyalli kamar madubi. Gidan buga kuɗin Amurka, wanda aka kafa a 1792, ya soma sayar da saitin sabon bugu a 1947, kuma tun 1968 San Faransisko ce ke yin bugun madubi. Na Birtaniya, wanda ke garin Llantrisant, ya shiga sayar da nasa saitin sabon bugu na shekara-shekara a 1982.

Wajibi ne a faɗi abin da masu talla ba sa son faɗa. Yawancin waɗannan saitoci ba jari ba ne. A shekarar da aka yi kuskuren harafin S, an buga saitin madubi fiye da miliyan 2.8, kuma in ban da biyun nan, sauran ana samunsu yau da 'yan daloli kaɗan. Waɗanda suka yi daraja suna da dalili takamaimai. Rabin dalar da aka buga a Denba a 1970 ba a sake ta kasuwa ba, a cikin saiti kawai ake samunta. Haka santi 10 mai harafin W da aka saka a saitin 1996 don cikar shekara 50 da soma buga hoton Shugaba Roosevelt a kanta. A Birtaniya ma akwai wasu kwandalolin fens 2 na 1983 da suka fito da tsohon rubutun da aka daina amfani da shi, kuma a cikin saitoci aka gano su. Ƙarancin abu ne ke ba shi farashi, kyan kwali ba ya ƙara masa ko anini.

Jiran da ba ya ƙarewa

Mai tara kwandala yakan koyi haƙuri tun kafin ya koyi sanin ƙarfe. Gidajen buga kuɗi hukumomi ne da aikinsu na farko shi ne wadata kasuwa da canji, saboda haka duk lokacin da abubuwa suka cushe, mai tarawa ne ake turawa ƙarshen layi. An ga haka ƙarara a 2020. Annobar korona ta sa aka rufe gidan San Faransisko na wani lokaci, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a kantunan Amurka, aka karkata injuna wajen buga na kashewa. Saitin sabon bugu na shekarar bai fito ba sai ƙarshen Nuwamba, an taƙaita adadinsa zuwa 213,000, an kuma soke kwandalar santi 5 ta musamman da aka yi alkawarin haɗawa da shi. Abin mamaki, wannan matsala ce ta sa saitin ya yi tsada daga baya, domin kaɗan aka yi.

A 2021 aka sake dalar azurfa ta tunawa da tsofaffin dalolin Morgan da Peace. Waɗanda suka yi oda a watan Mayu sai a kaka kayansu suka soma tafiya, an ɗage sayar da sauran saboda ƙarancin azurfar bugawa, a 2022 kuma aka dakatar da shirin ɗungurum na shekara guda. Ko kaya sun bar gidan bugu, sauran rina a kaba. A Janairun 2023 'yan kutsen intanet suka durƙusar da sashen aika saƙo ƙasashen waje na gidan wayar Birtaniya har tsawon makonni, sannan ma'aikatan gidan wayar Kanada suka yi yajin aiki na kusan wata guda a ƙarshen 2024, daidai lokacin da odar ƙarshen shekara ke yawa.

Ga mai saye daga Najeriya, jinkirin yana da ƙarin tsada biyu. Na farko canji ne. Wasu masu sayarwa ba sa cire kuɗi sai ranar da za su aika kaya, kuma duk wanda ya ga yadda naira ta yi bayan sakin farashinta a Yunin 2023 ya san abin da wata uku ke iya yi wa lissafi. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Wa'adin mayar da kaya mai aibi gajere ne, kwanaki ne kawai daga ranar da aka karɓa. Wanda ya sa aka kai masa saiti gidan ɗan'uwa a Amurka, yana jiran mai tahowa gida ya riƙo masa, wa'adin zai ƙare tun kwalin bai hau jirgi ba. In ya buɗe a Abuja ya tarar da tabo ko tsagaggen gidan roba, sai dai ya rungumi ƙaddara.

Rinin da ke ƙara kuɗi da wanda ke rage shi

A nan ne sha'anin ya fi daɗin nazari. Ƙarfe ba ya zama yadda aka bar shi. Azurfa tana haɗuwa da ɓurɓushin farar wuta da ke yawo a iska, sai wata fata siririya ƙwarai ta rufe fuskarta. Haske yana dawowa daga saman fatar da kuma ƙarƙashinta a lokaci guda, kuma wannan ne ke haifar da launuka, kamar yadda baƙin mai ke yin bakan gizo a kan ruwan kwata a ƙofar gareji. Kaurin fatar ne ke yanke launin. Tana siririya sai a ga ruwan zinariya, in ta ƙaru ta koma ja-ja da shunayya, daga nan shuɗi da kore, in abin ya yi nisa kuma ta dafe ta zama baƙa ƙirin, wanda babu mai so.

Saitocin Amurka na 1947 zuwa 1958 an shirya su ne a cikin kwali da takarda masu ɗauke da farar wuta. Shekaru suka rina kwandalolin da launuka masu ban sha'awa, har yau masu tarawa suna biyan ƙari a kansu, wani lokaci ninkin farashin farar kwandala irinta. A 1959 aka koma leda, rinin ya ragu. Wato abin da ya kasance aibin shiryawa shi ne ya zama ado.

Inda kuɗi yake kuwa, 'yan damfara ba sa nisa. Akwai masu gasa kwandala, ko su rufe ta da dafaffen ƙwai, ko su shafa mata sinadari, don ta yi launi cikin kwana ɗaya. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS, wanda aka kafa a 1986, da NGC na 1987, suna auna kwandala a kan ma'aunin 1 zuwa 70, kuma in suka yi shakkar launin sukan ƙi ba ta lamba. Gogaggun ido suna duba ko launukan sun bi juna a tsarinsu na asali, ko sun shiga lungunan zane ko kuwa sun kwanta a sama kamar fenti. Duk da haka hukunci ne na ɗan Adam, kuma masana kansu sukan saɓa a kan kwandala ɗaya.

Jan ƙarfe nasa lissafin daban ne. Sabo yana da ja mai haske, da tafiyar lokaci ya koma ruwan ƙasa, kuma kowane mataki na wannan sauyi ragin farashi ne. Akwai kuma fararen ɗigo-ɗigo kamar na madara da ke fitowa a kan tatacciyar azurfa watanni bayan bugu, waɗanda ake dangantawa da ragowar abin wanke ƙarfe a masana'anta. Ba sa goguwa. Matsalar ta dami gidan buga kuɗin Kanada har ya fito da wata kariya ta musamman mai suna Mintshield a 2018.

Babban kuskure shi ne wanki. Hannun da ya saba goge awarwaron azurfa da toka da lemon tsami zai so ya yi wa kwandala haka, kuma a minti ɗaya zai kankare sheƙin asali da hatimi ya bari, ya bar ƙananan ƙarce-ƙarce da ba sa ɓuya a ƙarƙashin gilashin dubawa. Kwandalar da aka wanke takan rasa mafi yawan ƙimarta wurin masu tarawa, ko da ta fi kyau a idon wanda bai sani ba. Yatsa ma abokin gaba ne: gishiri da maiƙon gumi suna barin zanen yatsa da ke zama daram bayan watanni. A gefe ake riƙe kwandala, in ma dole ne a taɓa ta.

Yanayin Abuja ba ya sassauta wa ƙarfe. Damshin damina daga Afrilu zuwa Oktoba yana gaggauta rini, hayaƙin janareto da na motoci yana ɗauke da farar wuta, haka robar ɗaure kuɗi da tsohuwar jarida da ambulan mai ruwan ƙasa. Leda mai taushi irin ta PVC tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin fuskar kwandala. Abin da ya fi shi ne a bar saiti a gidansa na asali ba tare da an ɓalle shi ba, a sa shi cikin akwati mai rufuwa ruf tare da 'yan ƙulle-ƙullen tsotse damshi irin na kwalin sabon takalmi, a ajiye nesa da kicin, da ɗakin janareto, da taga mai rana.

Wanda tsadar dala ta hana shi duk wannan, akwai abin tarawa a gida. Kwandalolin da suka zo da naira a ranar 1 ga Janairun 1973 tarihin tattalin arzikin ƙasar ne a kan ƙarfe: rijiyoyin mai a kan kwabo 1, koko a kan kwabo 5, gyaɗa a kan kwabo 25. Na ƙarshe da Babban Bankin Najeriya ya fitar, a Fabrairun 2007, su ne kwabo 50 da naira 1 da naira 2, kuma hauhawar farashi ta kore su daga kasuwa tun ba su tsufa ba. Yunƙurin 2012 na mayar da naira 5 da 10 da 20 kwandala an dakatar da shi bayan jama'a sun yi ca. Saboda ba su daɗe suna yawo ba, har yanzu ana tsintar na 2007 da sheƙinsu a cikin tsofaffin asusu da aljihunan tebur, kuma gidan tarihin kuɗi na Babban Bankin a Abuja yana baje kolin jerin duka ga mai son kwatantawa. Naira 2 ɗin, mai ƙarfe kala biyu, hoton ginin Majalisar Dokoki ta Ƙasa ne a jikinta, ginin da wasu ma'aikatansa na yau ba su taɓa sayen ko ruwan leda da ita ba.