Cin abinci a kasuwa da tasha: a kula da ciki, a kula da aljihu

In damana ta wuce, anka kai hatsi rumbu, tahiya takan yi yawa. Manomi shina kai wake ko albasa kasuwa, makiyayi shina kora bisashe. Ranar Laraba jama'a na cika kasuwar Ƙonni, ranar Alhamis kuwa ta Badagishiri, cikin gundumar Illela. Mutum ya bar gida tun asuba, ba shi komawa sai magariba, wani ma sai ya kwana. Can da, goran hura ya ishe shi guzuri. Yanzu mutane da yawa rumfar mai tuwo suke zamnawa, ko teburin mai shayi, ko gaban tukubar mai nama. Cin abinci waje ba laihi ba ne, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Amma abu biyu na iya salwanta a wurin: kuɗɗin mutum da lahiyarshi.

Mi ya sa masu abinci sunka yi yawa

Ƙasarmu bakin hanya take. Babbar hanya wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Ƙonni, ta bi ta Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, ta wuce Malbaza da Galmi, ta nuhi Maraɗi da Damagaram. Wata kuma ta yi kudu zuwa Illela ta Najeriya da Sakkwato. Tun 1966 gidan siminti na Malbaza ke tara ma'aikata da direbobi. Lokacin albasa manyan motoci na tsayawa Galmi su yi lodi zuwa Gana da Kodibuwar. Fadamar Ƙonni, mai shan ruwan madatsun Mozage da Zango, tana ɗaukar ƴan ƙwadago da rani. Duk waɗanga mutane ba su da uwargida kusa, dole su saye su ci.

Sana'ar tana ciyad da gidaje da yawa, galibi na mata. An ga haka lokacin da Najeriya ta ruhe iyaka daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma lokacin da anka sake ruhe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Motoci sunka ragu, ciniki ya faɗi, masu tuwo da masu shayi na cikin waɗanda sunka ji jiki.

Kowane wuri da irin nashi

Da sahe akwai koko da ƙosai, waina da fanke. Mai shayi shina da burodi, madara da ƙwai. Da rana ƴan tuwo-tuwo na zuba tuwo da miyar kuka ko ta kuɓewa, shinkafa da wake, dambu da zogala, ɗan wake, taliya. Matan Hilani na dama hura da nono. Da marece rundawa na hura wuta, a samu tsire da balangu. Kilishi kuwa shi ne tsarabar matahiyi. A 2021 anka yi ma kilishin Nijar da albasar Galmi rajista, don kada wani ya saida nashi da sunansu.

Cikin gari akwai otal da manyan gidajen abinci masu kujeru da tebur. Can ana kawo takarda wadda anka rubuta sunayen abinci da kuɗɗinsu, yawanci da Faransanci. Yaron gida shi ke zuwa shi tambayi abin da mutum ke so, kuma sai an gama ci ake biya.

A tambayi kuɗɗi kahin a sa hannu

Matambayi ba shi ɓata. Wanda ya san kan kasuwa shikan fara da gaisuwa: «Sannu da aiki, Inna. Malmala nawa ce? Nama fa, yanka nawa?» In ya ji, sai shi ce: «A zuba mini tuwo na dala 40, a sa nama na dala 20.» Ta haka shi da mai tuwo kowa ya san inda anka tsaya. Wanda ya ce «a zuba mini» kawai, ya bar ma wani ikon aljihunshi, ƙarshenta a yi gardama gaban jama'a.

Wurin takardar otal kuma akwai tarko. Mu da dala muke ƙirga, takarda kuwa da tamma take magana. Dala 1 tamma 5 ce. In an rubuta 500 F, dala 100 ke nan. In an rubuta 1.000 F, jikka guda ce, wato dala 200. In an rubuta 1.500 F, jikka da rabi. Dabarar ita ce a raba abin da anka rubuta gida 5. Wanda ya iya karatu da lissahi ba shi jin kunya a nan. Wanda bai iya ba, shi sa a faɗa mishi da dala kahin a kawo. Shi tambaya kuma ko nama da ruwan sanyi na cikin kuɗɗin, don sau da yawa kowane da nashi lissahi.

A Ƙonni da garuruwan bakin iyaka sefa da naira duk suna yawo. In mai abinci ya ce «ɗari biyat», a tambaye shi: na wace ƙasa? Canji ba shi tsayawa wuri ɗaya, na jiya ba shi ne na yau ba.

Ranar da mutum ya saida sa ko buhunnan albasa, ranar ce abokai ke yawa. Kowa ya zo sai a ce a kawo mishi nama. Kyauta abu ne mai kyau, amma a yi lissahi. Misali, wanda ke kashe dala 300 kowace ranar kasuwa, cikin wata shina kashe jikka 6, cikin shekara sama da jikka 70. Wanga kuɗɗi na iya sayen hatsi lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Mai hankali shikan ware kuɗɗin abinci aljihu guda, shi ɗaure sauran.

Wasu otal-otal na saida giya, har da ta inabi mai zuwa daga ƙasashen waje. Addinin Musulunci ya hana ta. Bayan haka tana da tsada, tana gusad da hankali, kuma mai kuɗɗin sa a aljihu in hankalinshi ya gushe, ɓarawo ya samu. Mai tuƙin mota ko babur da ya sha, ran fasinja na cikin haɗari. Mutum na da ikon shi tambayi abin da ke cikin kwalba kahin a buɗe ta.

Ido shi fara ci

Cuta ba ta da wari kullum. Ƙwayoyinta ƙanana ne, ido ba shi ganinsu. Suna hita cikin bayan gidan mai ciwo, su bi ruwa, ƙuda da hannun da ba a wanke ba, su shiga abinci. Ta haka ake kamuwa da gudawa, atuni, taifot da kwalara, wato amai da gudawa. A 2018 kwalara ta ɓarke a Madarumfa, ta kawo har Ƙonni da Malbaza. A 2021 ta sake dawowa Nijar, sama da mutum 5.000 sunka kamu, sama da 150 sunka rasu, jihar Tawa na cikin inda ta taɓa. Asibitin Galmi, wadda anka buɗe a 1950, ta sha karɓar yaran da taifot ta huda ma hanji, sai da anka yi musu aiki.

Don haka kahin a zamna a duba. Tukunya ruhe take ko buɗe? Ƙuda na bisa tuwo? Da wane ruwa ake wanke kwanoni? Akwai kwata ko juji kusa? Rumfar da jama'a ke cika ta hi, don abincinta ba shi daɗewa.

A ci abinci da zahinshi, shina turiri. Wuta na kashe ƙwayoyin cuta. Amma in dafaffen abinci ya huce, ya wuce awa 2 a ajiye cikin zahin rani, ƙwayoyin na sake haihuwa ciki. Shinkafa ko miyar da ta kwana sai an tafasa ta sosai, ɗumi-ɗumi bai isa ba.

Tasa guda wadda kowa ke tsoma hannu ciki ba ta wanke hannu, dauɗar na fari ce na ƙarshe ke ɗauka. A zuba ruwa daga buta, a sa sabuni. In babu sabuni, toka ta hi babu.

Tuwo na iya zama da kyau, ruwan sha shi ja ma mutum ciwo. Moɗar da kowa ke sha da ita, a maida ta cikin randa, tana ɓata ruwan duka. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cuta, in da mugun ruwa anka yi ta, mugun ruwa ce. Haka hura, ruwan da anka dama ta da shi shi ne abin tambaya. Shayi ba shi da wagga matsala, tun da an tafasa shi. Salati da tumatir, masu yawa lokacin ɗari, ba su shiga wuta, sai an wanke su da ruwa mai tsabta. Gara mutum shi ɗauko goran ruwanshi daga gida.

Nama da nono

Makiyayi ya hi kowa sanin dabba mai ciwo. Wanda ya saida ta da araha don a yanka a ɓoye, watakila ɗan'uwanshi ne za shi ci ta a tasha. Ciwon saifa na kama mutum daga nama da fatar dabbar da ta kamu. Shi ya sa ma'aikatan kiwo ke duba nama a mayanka, su buga tambari bisa wanda ke da lahiya. Mai saye na iya tambaya ko an duba. Tsire da balangu a sa a maida su bisa wuta, su gasu har ciki. Takardar buhun siminti da ake naɗe nama da ita, a duba kada ta zamo mai ƙurar siminti. Ɗanyen nono kuma na iya ɗauke da tarin huka da ciwon da ke sa shanu ɓari. A tafasa madara kahin a sa ta yi tsami.

In ciki ya ɓaci

Abin da ke kashe mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In akwai ƙunshin da ake samu gidan likita, a zuba 1 cikin litir 1 na ruwa mai tsabta. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin litir 1. Shi riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. In gudawar ta yi kama da ruwan shinkafa, ko da jini ciki, ko ga amai ba tsayawa, a kai shi gidan likita mahi kusa ba da jinkiri ba, ko da dare ne. Kwalara na iya kashe ƙato cikin yini guda. Kada a tsaya sayen ƙwayoyi wurin masu talla.

Masu abinci su ma suna da nasu aiki: su ruhe tukwane, su aje buta da sabuni, su canja ruwan wanke-wanke, su faɗi kuɗɗi tun fari. Rumfa mai tsabta ba ta rasa baƙi. Jama'a, manoma da makiyaya, wanda ya karanta wanga labari shi karanta ma maƙwabcinshi kahin kasuwa mai zuwa. Allah shi kai kowa kasuwa lahiya, shi maido shi gida lahiya.