Dogon Jiran Almasihu: Begen da Ya Tsira Cikin Wahala

Da zarar Disamba ya kama, hankalin Kiristoci da yawa yakan koma kan shinkafa da kaji da sabon ɗinki. Amma a kalandar ikkilisiya, Lahadi huɗu da ke gaban Kirsimeti lokaci ne na jira da shirya zuciya, wanda ake kira Adben, daga kalmar Latin mai nufin zuwa. A lokacin ne masu bi suke tuna al'ummar da ta shafe ɗaruruwan shekaru tana sa ido ga Mai Ceto.

Asalin kalmar Almasihu daga Ibrananci ne, ma'anarta shafaffe, wato wanda aka zuba wa mai a ka don naɗa shi sarki ko firist. Helenawa suka fassara ta da Kiristos, daga nan sunan Kirista ya fito. Musulmi ma sun san laƙabin, domin Alƙur'ani ya kira Annabi Isa ɗan Maryamu da shi.

Tushen begen yana cikin alkawarin da Annabi Natan ya isar wa Sarki Dauda, cewa gadon sarautarsa zai dawwama. A ƙarni na 8 kafin haihuwar Yesu, lokacin da dakarun Assuriya ke cinye ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, Annabi Ishaya ya yi shelar wani ɗa da za a haifa daga zuriyar Dauda, mai mulki da adalci da salama. Takwaransa Mika ya ambaci Baitalami, ƙaramin garin da Dauda ya fito.

Sai ga jarrabawa. Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Yesu, Nebukadnezzar na Babila ya rushe Urushalima, ya ƙone Haikali, ya kwashe jama'a zuwa bauta. Sarautar gidan Dauda ta yanke. Abin mamaki, maimakon bege ya mutu tare da fada, sai ya ƙara tsiro. Irmiya ya yi maganar sabon alkawari da za a rubuta a zukata, ba a kan dutse ba. Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, ya bar Yahudawan da aka kwashe suka koma gida, amma ba su koma ga 'yanci ba. Bayan Farisawa sai Helenawa, har sarkinsu Antiyokus ya ƙazantar da Haikali a 167, abin da ya haddasa tawayen Yahudawan da ake kira Makabiyawa. A 63 kafin haihuwar Yesu kuma janar ɗin Rum, Fomfe, ya shiga Urushalima.

Ba kowa ke jiran abu ɗaya ba. Wasu jarumi suke so, mai takobin da zai kori Romawa. Wasu annabi irin Musa. Naɗaɗɗun littattafan da aka fara ganowa a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1947, sun nuna akwai masu jiran shafaffu biyu, firist da sarki. Har yau Yahudawa masu riƙo da addini suna nan suna jiran nasu Almasihun. Kiristoci kuwa sun gaskata cewa alkawarin ya cika ga jaririn da aka kwantar a komin dabbobi a Baitalami, zamanin Sarki Hirudus.

Wurin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne labarin tsofaffi biyu a Bisharar Luka. Saminu ya yi ta jiran ta'aziyyar Isra'ila har ya rungumi jaririn a Haikali. Hannatu, gwauruwa mai yawan shekaru, ba ta rabuwa da Haikali, dare da rana tana azumi da addu'a. Manyan fada da malamai ba su gane yaron talakawa ba, waɗannan biyun ne suka gane shi, domin jira ya wanke musu idanu. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse ya sha romonsa.

Shi ya sa magabatan ikkilisiya suka haɗa wannan lokaci da kamun kai. Kiristocin Otodoks suna azumin kwana 40 kafin Kirsimeti, na Habasha kuma suna kiran nasu Azumin Annabawa, don tunawa da waɗanda suka yi begen ganin ranar amma ba su kai ba.

Darasin a bayyane yake ga duk wanda tsadar rayuwa ko rashin tsaro ya hana shi barci a yau. Begen masu bi ba naɗe hannu ba ne. Aiki ne na tuba, da riƙon gaskiya, da duba maƙwabci. Don haka, ɗan'uwa, kafin ka auna shinkafar Kirsimeti, auna zuciyarka. Ka sasanta da wanda kuke gaba, ka tuna da marayu da gwauraye, ka buɗe Littafi Mai Tsarki tare da iyalinka. Wanda ya iya jira shi ke gane baƙo idan ya iso.