Gado Ko Taga? Auna Ɗaki Kafin Ki Je Wurin Kafinta

'Yan uwana mata, musamman iyayen amare da gwaggwanni da yayye, waɗanda nauyin haɗa kayan ɗaki ya rataya a wuyansu. Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da muke ɗauka ƙarami, alhali kuwa ya shafi lafiyar 'ya'yanmu da jikokinmu, wato girman gadon amarya da kuma allon nan na kan gado da ke rufe tagar ɗaki.

Abin da ya ja hankalina shi ne wani jere da aka gayyace ni a nan Jushi. Amaryar ɗalibata ce, a hannuna ta yi sauka. Ɗaki ne ciki da falo a gidan haya, uwar ɗakin kuma taga ɗaya gare ta. Da aka sauke gado daga mota sai guɗa ta tashi, domin gado ne na gani na faɗa, shida da bakwai, ga allo ya kai kafaɗar mutum, ga durowoyi hagu da dama. Aka juya shi gabas bai zauna ba, aka juya yamma ya tare ƙofa. Daga ƙarshe bango ɗaya ne ya karɓe shi, shi ne bangon da taga take. Kafinta ya ɗaure, aka saki labule, 'yan jere suka ce ɗaki ya yi kyau. Na ce wa gwaggon amarya, "Hajiya, iska fa ta ina za ta shigo?" Ta yi dariya ta ce, "Malama, ai akwai fanka."

Bayan wata biyar, cikin Afrilu, na koma duba yarinyar. Na tarar sun sauko da katifa falo, a nan suke kwana ita da maigidanta. Gadon da uba ya ci bashi ya saya yana can ciki an jibga wanki a kai. Fanka kuwa sai ranar da aka ga wuta.

Me ya sa kakanninmu ba su damu da taga ba?

Wata za ta ce ai ɗakunan iyayenmu na cikin birnin Zariya ba su da wata taga sai 'yar kafa can sama, kuma sun rayu lafiya. Gaskiya ne, amma ginin ba ɗaya ba ne. Nasu ginin ƙasa ne mai kaurin bango, ga rufin soro mai tsawo, rana ba ta ratsa shi da wuri, shi ya sa da tsakar rana ɗakin yake da sanyi. In zafi ya tsananta da dare kuma sai a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Gadajensu ma, daga gadon ƙasa da na kara har zuwa gadon ƙarfe mai rumfa, ba su da wani allo da zai tare iska.

Gidajen da 'ya'yanmu ke tarewa a yau a Jushi da Muciya da Cikaji da Hayin Dogo na Samaru, mafi yawansu bulo ne da kwano. Bulo yana shan rana tun safe, da dare ya riƙa amayar da zafin cikin ɗaki. A watannin Maris da Afrilu zafin Zariya kan haura digiri 35. Tsakar gidan haya kuwa ba wurin kwanan amarya ba ne. Ke nan taga ita ce hancin ɗakin, in kin toshe ta kin toshe masa numfashi.

Lissafin da ya kamata kowace uwa ta sani

Masu zanen gini suna da ƙa'idar da suka saba bi, cewa girman tagar ɗakin kwana kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin ƙasan ɗakin. Ɗauki ɗakin da muke kira sha biyu sha biyu. In kin ninka 12 sau 12 za ki sami 144, kashi ɗaya cikin goma kuwa ya ɗan haura 14. Tagar da aka fi sa wa irin wannan ɗaki ƙafa 4 ce tsaye, ƙafa 4 kwance, wato 16. Kin ga da ƙyar ta tsallake.

To irin wannan taga takan fara ne daga wajen ƙafa 3 daga ƙasa, ta ƙare a ƙafa 7. Idan allon gado ya kai ƙafa 5 tsawo, ya rufe rabinta, saura 8. Idan kuma tagar irin ta gilashi ce mai turawa gefe, wadda dama rabinta kawai ke buɗuwa, iskar da za ta shigo ta koma 4. Ki ƙara ragar sauro da labule mai kauri a kai, sannan ki tambayi kanki abin da ya rage wa mutum biyu da jariri.

Ba zafi kaɗai ba ne

Waɗanda suka yi wayo a 1996 ba za su manta da annobar sanƙarau ta shekarar ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, mafi yawa a Arewa, ta kashe sama da 11,000. A 2017 ta sake ɓarkewa, ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Ba zafi ne ke haifar da sanƙarau ba kamar yadda ake faɗa. Ƙwayar cuta ce da ke bin tari da atishawa da numfashi daga mutum zuwa mutum. Busasshiyar iska da ƙurar rani suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗakin da iska ba ta zagayawa kuma yana sauƙaƙa mata yaɗuwa. Haka tarin fuka da ƙyanda suke son rufaffen ɗaki. Akwai allurar rigakafin sanƙarau, kuma wajibi ne a kai yara, amma allura ba ta ɗauke mana nauyin buɗe taga ba.

Sai hayaƙi. Muna turaren wuta, muna kunna maganin sauro, wasu da hunturu har kaskon gawayi suke shigarwa ɗaki. Garwashin gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda janareto ke fitarwa, tana kuma kashe mutum cikin barci. Kada ki kwana da garwashi a ɗaki ko da taga a buɗe, balle a rufe. Idan kuma a bayan tagar ne maƙwabci ke ajiye janareto, kada ki sa kan gado a wurin ko da allon gajere ne.

Shi kansa gadon yana cutuwa. Yawancin allunan zamani da matsattsen garin katako ake yinsu a lulluɓe da leda ko yadi, ba sa shiri da ruwa ko kaɗan. Hadarinmu daga gabas ya fi tasowa da iska mai ƙarfi. In hannu ba ya kaiwa a rufe taga saboda allo, feshin damina ɗaya ya isa ya kumbura shi, ya yi funfuna, ya fara wari. Ƙurar hunturu ma a bayansa take taruwa inda tsintsiya ba ta kaiwa, mai asma ko jariri ya yi ta shaƙa.

Katifa daban, allo daban

Abin da na lura shi ne sau da yawa ba katifar ce ke da laifi ba, allon ne. Katifun da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, ko Vitafoam ko Mouka ko wasunsu, faɗinsu yana farawa daga ƙafa 3 na mutum ɗaya, sai huɗu da rabi, sai 5, sai 6, sai 7. Wanda muke kira shida da shida, in an sa shi cikin katako yakan kai ƙafa shida da rabi a faɗi, tsawonsa kuma kusan 7 har da kaurin allo. Amma da zarar kafinta ya manna durowa ta ƙafa ɗaya da rabi a kowane gefe, faɗin ya koma tara da rabi. A ɗakin da bangonsa ƙafa 10 ne, kin ga gado ya cinye bango sukutum, ba ki da zaɓin inda za ki juya shi.

Ga shawarata, bisa abin da na gani a ɗakunan da na shiga:

Ɗaki mai ƙafa 10 da 10, huɗu da rabi ya wadatar, in an matsa biyar da shida.

Ɗaki mai 10 da 12, biyar da shida, ko shida da shida ba tare da durowoyin da aka manna ba.

Ɗaki mai 12 da 12 zai ɗauki shida da shida. In kin cire ƙafa 7 na gado saura 5, wadrob ya ci 2, saura 3, daidai buɗe murfinsa da shimfiɗa dadduma.

Shida da bakwai ko bakwai da bakwai kuwa, a bar wa ɗakin da ya kai 12 da 14 ko ya fi.

Ko wane kika zaɓa, a bar aƙalla ƙafa 2 na wucewa a gefen gado. Kada a manta da wurin salla. Na sha shiga ɗakin amarya in rasa inda zan tayar da kabbara sai an ja kujera. Ɗakin mace shi ne masallacinta, bai dace kaya su kore ta daga cikinsa ba.

In babu makawa sai bangon taga

Wani ɗakin, ƙofar falo da ta banɗaki da wurin wadrob sun cinye sauran bangwaye, dole gado ya jingina da taga. In haka ta kama, ga hanyoyin da za a bi.

Na farko, a auna daga ƙasa zuwa gindin taga, a ce wa kafinta kada allo ya wuce nan. Gajeren allo mai ƙafa 3 da aka yi wa aiki mai kyau ba ya rage wa ɗaki kwarjini.

Na biyu, in ana son dogo, a yi shi da sanduna a jere ko na ƙarfe mai ɓula-ɓula, yadda iska da haske za su ratsa.

Na uku, a raba durowoyi da allo, kowace ta tsaya da ƙafarta. Gobe in an tashi daga gidan, sai a jera su yadda sabon ɗaki ya ba da dama. Mai zaman haya ba ta san irin ɗakin da za ta koma ba.

Na huɗu, in taga tana gefe ɗaya na bango, a matsar da gado ɗaya gefen ko da ba zai zauna a tsakiya ba. Ba dole ne gado ya zauna tsakiyar bango kamar na hoton kalanda ba.

Na biyar, a tabbatar hannu yana kaiwa ga marufin taga ba sai an hau allo ba, kuma labule yana zugewa. Mai jego ta kula, kada a bar rata tsakanin katifa da bango ko allo wadda jariri zai iya faɗawa ya maƙale, kuma igiyar labule kada ta sauko inda hannunsa zai kai.

Sannan a tuna da gidan sauro. Allo mai tudu da lanƙwasa yakan hana a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta wajen kai, sauro kuwa ƙaramar kafa yake nema.

Wadda kuma aikin gama ya gama, gadonta ya riga ya rufe taga, kada ta ce sai haƙuri. Yawancin alluna da kusoshi masu juyawa aka ɗaure su. Kafinta zai iya rage tsawonsa, ko ya cire durowa ɗaya a sauya wa gadon bango, kuɗin aikin kuma bai kai na jinyar yaro ɗaya ba.

Inda gizo ke saƙar

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, abin da ke sa mu sayen gadon da ya fi ƙarfin ɗaki shi ne tsoron bakin mutane. Kada dangin miji su raina, kada a ce na 'yar wance ya fi. Sai mu je wurin kafinta da hoto a waya, ba mu taɓa taka ɗakin da yarinya za ta zauna ba, wai kunya muke ji. Babu abin kunya a tura yaya ko gwaggo su ga ɗaki kafin a ba da aiki. Tef ɗin tela ma ya isa, tsawonsa inci 60 ne, wato ƙafa 5. A auna bangwaye huɗu, a auna faɗin taga da tsawonta daga ƙasa, a auna faɗin ƙofa domin a san allon zai shiga, a rubuta a takarda a miƙa wa kafinta. In ango bai kama ɗaki ba tukuna, a dakata da gado, ko a zaɓi matsakaici mai gajeren allo wanda zai shiga ko'ina.

'Yan ganin ɗaki yini ɗaya za su yi su watse. Yarinyarki ce za ta kwana a ciki da ciki wata tara, ita ce za ta yi jego a ciki cikin zafin bazara. Daidai ruwa daidai tsaki. Ɗalibar tawa daga baya mahaifiyarta ta kira kafinta, ya yanke ƙafa 2 daga allon, ya cire durowa ɗaya aka mayar da ita falo. Da na koma barka na same ta a kan gadonta da jaririyarta, labule yana kaɗawa. Gwaggon nan tana zaune a gefe, ta dube ni ta ce, "Malama, ashe zaɓen kan gado ma sai da kan gado."

Allah Ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu, Ya sa mu dace, amin.