Gizo-gizon da Ake Kiwo a Cikin Ɗaki

Mu dai a wurinmu gizo-gizo abin sharewa ne da tsintsiya. To, a Turai da Amurka akwai mutanen da suke sa kuɗi su sayi wani babban gizo-gizo mai gashi, su sa shi cikin akwatin gilashi, suna ba shi gyare da kyankyaso kamar yadda muke watsa wa kaji tsaba. Sunansa tarantula. An samo sunan daga garin Taranto na ƙasar Italiya, ko da yake gizon da aka fara kira haka a can wani iri ne dabam. Yau masana sun san iri fiye da 1,000.

Mafi nauyi cikinsu shi ne wanda ake kira Goliyat, yana zaune cikin kurmin arewacin Amurka ta Kudu. In ya miƙe ƙafafu yakan kai sentimita 30, watau tsawon rular da yara suke zuwa da ita makaranta, nauyinsa kuwa har giram 170. Ga yadda masu kiwo suke awo: daga ƙarshen ƙafar gaba ta dama zuwa ƙarshen ƙafar baya ta hagu. In mai sayarwa ya ce sentimita 15, ƙafafu yake nufi, jikin bai kai rabin haka ba.

Wahalar abin tana wurin ganewa. Ɗan tarantula bai fi ƙwayar wake ba, kuma 'ya'yan iri da yawa kama ɗaya gare su, sai sun girma launi yake fitowa. Har manyan ma sukan rikita mutane. Shekara da shekaru ana sayar da mai jan gwiwa na Meziko da suna ɗaya, sai a 2017 ne masana biyu, Mendoza da Francke, suka nuna cewa iri biyu ne ake haɗawa. Kada mai karatu ya ce wannan gardamar masu littafi ce kawai. Yawancin na ƙasashen Amurka suna da wani gashi a bayan ciki wanda sukan karkaɗe wa abokin gaba, ya sa ƙaiƙayi, cizonsu kuwa da sauƙi. Na Afirka da Asiya ba su da wannan gashi, sai sauri da mugun dafi. Akwai wani na nan Afirka ta Yamma da yake zama a kan itacen kwakwar manja, wanda cizonsa yakan sa zafi mai tsanani da murɗewar jijiya. Wanda ya ɗauke shi a tafin hannu yana tsammani mai sanyin hali ne, lalle zai sha wuya.

Girmansa fa? Fatarsa ba ta miƙewa, saboda haka sai ya yi saɓa kamar maciji kafin ya ƙaru. Ƙarami yakan yi sau da dama cikin shekara, babbar mace kuwa kamar sau ɗaya. In lokaci ya yi kusa sai ya ƙi abinci, wani lokaci har makonni, sa'an nan ya kwanta rigingine, ƙafafu a sama. A nan ne sababbin masu kiwo suke yin ɓarna, gama sukan zaci ya mutu su juya shi, ko su jefar. A bar shi kurum. A kuma cire gyaren da ya rage cikin akwati, domin a wannan hali gyare ɗaya yana iya yi masa rauni har ya mutu. Sai bayan kamar mako ɗaya, fiƙoƙinsa sun yi ƙwari sun yi baƙi, a ba shi abinci. Abin mamaki, in ƙafa ta ɓalle, wata takan fito a saɓar gaba, 'yar siririya da fari.

Ɗumi da yawan abinci suna sa saurin girma, amma iri ya fi su iko. Wani babba na Burazil yakan cika cikin shekara biyu ko uku, mai jan gwiwa kuwa sai ya shekara biyar ko fiye.

Saɓar nan kuma ita ce take nuna mace ko namiji. A jiƙa ta, a buɗe cikin a hankali, a duba tsakanin huhu biyu na gaba. Mace tana da ɗan aljihu a wurin, namiji ba shi da shi. Bambancin ba ƙarami ba ne ga mai saye: macen mai jan gwiwa takan kai shekara 25, namiji kuwa da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu bayan saɓarsa ta balaga.