Ranar da aka ɗauke wa mutanen Wimbledon kulob ɗinsu

Duk wadda aka taɓa tada rumfarta aka kai ta bayan gari ta san ciwon: kaya na nan, masu saye ba su biyo ba. Haka ta faru ga Wimbledon, kulob ɗin birnin Landan da ya doke Liverpool ya ci kofin FA a 1988.

Tun 1991 ya bar filinsa, yana haya wurin maƙwabta. Masu shi, attajiran Norway, suka ga asara ta yi yawa, suka nemi a kai shi Milton Keynes, tafiyar kilomita wajen 90. A 2002 aka ba su izini.

Magoya baya suka ƙi bi. A ganinsu, mai kuɗi ya sayi hannun jari ne, bai sayi unguwa ba, kuma ni ma ina bayansu. Suka haɗa kuɗi kamar adashi, suka kafa AFC Wimbledon, suka fara daga rukuni na 9, can ƙasa. Tsohon kulob ya rasa ƴan kallo, bashi ya kama shi a 2003 tun bai tashi ba.

Masu adashin kuwa sun shiga gasar ƙwararru a 2011. A 2020 suka koma Plough Lane, unguwarsu, cikin sabon fili. Ranar wasan farko, korona ta hana su shiga.