Yadda sojojin ruwa na Birtaniya 1,459 suka halaka a teku cikin safiya guda

Da sanyin safiyar 22 ga Satumba, 1914, wasu tsofaffin jiragen ruwan yaƙin Birtaniya uku, Aboukir da Hogue da Cressy, suna sintiri a kusa da gaɓar tekun ƙasar Holan. Cikin kimanin awa ɗaya da rabi, jirgin ƙarƙashin teku guda ɗaya tak na Jamus, mai suna U-9, ya nutsar da dukkansu. Mutum 1,459 suka mutu, 837 suka tsira.

Akasarin mamatan ba sojojin dindindin ba ne. Magidanta ne da aka kira daga gidajensu makonni kaɗan kafin nan, sai kuma yara ɗalibai daga makarantar horar da hafsoshin ruwa ta Dartmouth.

Birtaniya ce ke da rundunar ruwa mafi girma a duniya a lokacin, amma ba ta da kuɗin da za ta riƙa biyan matuƙan kowane jirgi albashi a lokacin zaman lafiya. Saboda haka ta tanadi mutane kashi uku. Na farko, tun 1859, ma'aikatan jiragen 'yan kasuwa ne da masunta, waɗanda ke zuwa horo lokaci-lokaci ana ba su ɗan alawus. Na biyu tsofaffin sojojin ruwa ne da suka gama wa'adinsu suka koma sana'o'insu. Na uku, wanda aka kafa a 1903, fararen hula ne 'yan sa-kai, irin su akawu da ma'aikatan masana'antu. Akwai Admiral guda da ke kula da rajistarsu da horonsu, tare da masu gadin gaɓar teku. Amma ba shi ke jagorantarsu a fagen fama ba.

Su ma jiragen an kasa su. Admiral John Fisher, da ya zama babban hafsan sojin ruwa a 1904, ya cire tsofaffin jirage kusan 150 daga aiki, ya kuma kawo tsarin barin kashi biyu cikin biyar na ma'aikata a jiragen ajiya, musamman masu sarrafa manyan bindigogi da injina, don kada jirgi ya zama kango. A 1912 aka raba jiragen da ke tsaron gida zuwa runduna uku. Ta ɗaya cike take da ma'aikata kullum. Ta biyu tana da wani kaso, sauran suna bariki ko makarantu a kusa. Ta uku kuwa tsofaffin jirage ne da ke ɗaure a Portsmouth da Devonport da Chatham, 'yan mutane ƙalilan na share su da shafa wa injinansu mai. Mataimakin Admiral guda ke riƙe da ta biyu da ta uku, kuma a 1914 Cecil Burney ne. Aboukir da 'yan'uwansa na cikin runduna ta uku.

A takarda tsarin ya yi kyau, kuma gwajin farko ya nuna hakan. A Yulin 1914, maimakon atisayen da aka saba yi kowace shekara, ministan sojin ruwa Winston Churchill ya sa aka gwada kiran 'yan ko-ta-kwana, saboda hakan ya fi araha. Kimanin mutum 20,000 suka amsa, Sarki George na Biyar ya duba jerin jiragen a Spithead. Ana shirin watsewa ne rikicin Ostiriya da Sabiya ya ƙazanta. Ranar 26 ga Yuli, Churchill na hutu da iyalinsa a bakin teku, babban hafsa Yarima Louis na Battenberg ya ba da umarnin kada rundunonin su watse. Da aka shiga yaƙi ranar 4 ga Agusta, jiragen Birtaniya na nan a wuraren aikinsu.

Sai dai tara mutane a kan lokaci daban, sanin inda za a tura su daban. An ba wa waɗannan tsofaffin jirage sintiri a ruwan da ke kusa da sansanonin Jamus, ga su manya, ga rashin gudu. Hafsoshi a tsakaninsu suna kiran ayarin da sunan abincin ƙugiya. Ranar 18 ga Satumba Churchill ya rubuta cewa a janye su, amma aka amince su ci gaba har yanayi ya gyaru.

Batun shugabanci ya ƙara dagula lamarin. Admiral Campbell, mai ayarin, ba ya wurin. Admiral Christian, da ke riƙe da sintirin, ya koma tasha da jirginsa don ɗaukar kwal. Ƙananan jiragen rakiya kuma igiyar ruwa ta mayar da su gida. Ragamar ta faɗa hannun Kyaftin John Drummond na Aboukir, jiragen suna tafiya a hankali kan miƙaƙƙen layi, ba sa kauce-kaucen da ake yi don ruɗa maharan ƙarƙashin ruwa.

Da makamin topido na farko ya sami Aboukir, Drummond ya zaci nakiya ce aka dasa a ruwa, ya kira sauran biyun su matso. Hogue ya tsaya yana tsamo mutane, kwamandan U-9 Otto Weddigen ya harbe shi. Cressy ma ya tsaya, shi ma ya bi su. Wani yaro ɗan shekara 15, Wenman Wykeham-Musgrave, ya yi iyo daga Aboukir zuwa Hogue, daga nan zuwa Cressy, duk suna nutsewa da shi, daga ƙarshe aka tsince shi da rai. Jiragen 'yan kasuwar Holan biyu, Flora da Titan, da wasu jiragen masuntan Ingila ne suka ceci da yawa daga cikin waɗanda suka tsira.

Garuruwan da ke kewaye da Chatham ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu, domin daga can aka ɗebo yawancin ma'aikatan, kuma da yawansu sun bar mata da 'ya'ya. Bayan haka ma'aikatar sojin ruwa ta hana manyan jirage tsayawa ceto a inda ake zargin akwai jirgin ƙarƙashin teku.

Makonni shida bayan haka, ranar 1 ga Nuwamba, jirgin Good Hope, wanda shi ma aka cika da 'yan ko-ta-kwana, ya gamu da ƙwararrun maharban Jamus a Coronel, kusa da ƙasar Chile. Ko mutum ɗaya bai tsira daga cikinsa ba.